'Yan amshin da ban gayyata ba

Asabar, 12 ga Oktoba 2024

Yau sati guda kenan da jitar bes, wato jita mai kaurin murya, ta shigo hannuna, sai na ce bari in riƙa rubuta yadda ake ciki, ko ba komai ranar da lalaci ya kama ni rubutun ya tona min asiri. Ta hannu ce, wani abokina direba ya riƙo min ita daga Kaduna, kwaikwayon Jazz Bass ce mai fikof biyu sirara (fikof shi ne abin da ke ɗauko sautin tsirkiya), asalin samfurin kamfanin Fender ya fito da shi tun 1960 amma tawa ko sunan da ke jikinta ya goge, Allah kaɗai ya san ƙasar da anka ƙera ta. Tsirkiya huɗu, mai kaurin da ke sama ita ce E, sai A, sai D, sai siririyar ta ƙasa G. Amf ɗin, wato akwatin ƙara sauti, ɗan ƙarami ne bai wuce rediyon Baba ba.

Abin da na samu zuwa yanzu shi ne saita ta da manhajar waya, sai kuma bororo biyu. Yatsan nuni da na tsakiya duk sun ɗuri ruwa, jiya da na kai hannu cikin miya mai yaji sai da na ce wash. Inna ta ce maganina kenan, wa ya aike ni.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na samu malami. Mutumin Zuru ne, yana da shagon gyaran kayan sauti a wajen Badariya, ran Lahadi shi ke kaɗa bes a cocinsu, in an samu biki ma ana ɗaukarsa. Oga nake ce masa. Na je da jitar a goye bisa mashin duk mutane na kallona, ya ce to kaɗa mu ji, ban yi minti ɗaya ba ya ɗaga hannu ya ce ƙanena tsaya, kai kiɗa kake ko harbin baka. Wai ina saƙala yatsa ƙarƙashin tsirkiya in jawo ta waje in sake, shi ya sa take komawa ta maki firet, wato ƙarafunan nan da ke jere a wuyan jitar, tana kas kas kas. Ni kuwa da a zatona ƙarar nan ita ce alamar ina da ƙarfi.

Ya kama hannuna ya gyara. Babban yatsa ya ɗora shi bisa gefen fikof, sauran biyun sunka sauko kusan a miƙe, ya ce da tsokar kan yatsa za ka shafo tsirkiyar ka wuce, yatsan ya je ya faɗa kan tsirkiyar da ke samanta ya huta can. In ka taɓa A yatsa ya sauka kan E, in ka taɓa D ya sauka kan A. Kada ya tashi sama cikin iska. Sannan ya murɗa bolum ɗin amf ya ƙara, ya ce yanzu taɓa a hankali, aikin ƙara na amf ne ba naka ba, kuɗinsa ka biya. Wallahi sautin da ya fito sai da na ji shi a ƙirji, mai kauri, babu kas ɗin nan ko ɗaya.

Kafin in tahi ya miƙo min abin yankan akaifa ya ce a gabansa zan yanke. Ɗan tsinin da ban ɗauka komai ba ashe shi ke sa tik tik a farkon kowane sauti.

Aikin gida: nuni, tsakiya, nuni, tsakiya, a tsirkiya guda ba tare da danna komai ba, metronom (abin da ke ƙirga bugu) a kan 60 a minti, minti goma kullum.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Yau raina ya ɓaci. Kwana takwas ina aikin nan, har na fara haɗa ɗan layi mai sauti biyar shida ina jin kaina wani shege, sai Oga ya ce in jingina waya gaban amf in naɗi kaina in turo masa ta WhatsApp. Na naɗa. Kafin in tura na ce bari in saurara da iyafis. Jama'a kamar ana kiɗa a cikin rijiya kuma wani na tada janareta daga nesa, sautin da nake bugawa yana nan amma ƙarƙashinsa akwai wani guuuu da ba ya yankewa, kowane sauti yana taka na gabansa, gaba ɗaya abin ya zama kunu. Abin mamaki lokacin da nake kaɗawa ban ji ko kaɗan ba, kunnena na bin yatsuna ne kawai.

Na tura a haka da kunya. Ya maido min da saƙon murya yana dariya, ya ce danna tsirkiyar D a firet na 7, taɓa ta, sannan ka kashe ta nan take ka kasa kunne. Na yi. Na kashe D amma sauti bai mutu ba, na duba sai ga tsirkiyar A tana rawa ita kaɗai alhali ko kusa da ita ban je ba. Sai da tsikar jikina ta ɗan tashi.

Bayanin ashe mai sauƙi ne. Tsirkiyar A in an sake ta tana kaɗawa sau 55 a daƙiƙa, sautin da na danna a firet na 7 na D kuma sau 110 ne, ninki biyu cif, shi ma A ne amma na sama, to girgizar na bi ta cikin katako ta tada 'yar'uwarta. Haka E take yi, ita wajen 41 take, in ka danna firet na 2 a kan D sai ta amsa. Na ce wa Oga ashe 'yan amshi gare ni ban sani ba, ya ce to ai matsalar ba ka gayyace su ba kuma ba su san inda ake tsayawa ba. Ya ce a bes duk lokacin da tsirkiya ɗaya ke magana aikinka ne ka toshe bakin ukun da sunka rage, kuma wannan toshewar ta fi kaɗawar wuya.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Rabon aikin kamar yadda na fahimta: tsirkiyoyin da sunka fi wadda kake bugawa kauri, hannun dama ke tsaron su. Waɗanda sunka fi ta siranta, hannun hagu ke kwantawa a kansu. To hannun dama ne ya hana ni barci sati biyun nan.

Da babban yatsana ya kafe bisa fikof kamar an buga masa ƙusa, yanzu dole ya riƙa ƙaura. In ina kan E yana bisa fikof. In na koma A sai ya sauko ya zauna kan E. In na je D ya kan iya zama a kan E ɗin tunda yatsan da ya taɓa D zai faɗa kan A ya kashe ta. Rigimar tana G, nan yatsa zai faɗa kan D, babban yatsa ya sauko kan A, to E fa wa ya bar wa? Sai dai ka kwantar da babban yatsan yadda kansa na kan A gefensa kuma na jingine da E. A baki ba wuya. A aikace da na ce zan tashi daga E in tsallaka G sai hannun ya rikice, babban yatsa ya makara, ko ya tashi da ƙarfi shi da kansa ya fizgi tsirkiyar da aka ce ya tsare, mai gadi ya zama ɓarawo.

Na koma metronom 50. Abin haushi ne mutum da gemunsa ya zauna yana tum, tum, tum kamar mai dakan da ba ta ci abinci ba, ƙanwata har ta fara kwaikwayona da baki in na wuce.

Wani abu kuma, yatsan tsakiya ya fi na nuni tsawo to sautinsa ya fi ƙarfi, sai layin ya riƙa ɗingishi. Oga ya ce in ɗan karkata hannun kaɗan zuwa wajen wuyan jitar har kawunan yatsun su zo daidai. Ya rage, bai tafi duka ba.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Kawu ya zo daga Argungu ya kwana biyu. A ƙuruciyarsa ya taɓa garaya kafin ya bari, ni ban ma so ya ga jitar ba don kada ya kai ƙarata gun Baba, sai ga shi ya leƙo ɗaki da kansa ya ce miƙo wagga aba in gani. Ya jujjuya ta, ya nuna ƙarfen da tsirkiyoyin ke hawa a ƙasa ya ce wanga shi na jakinta, na ce birij ake ce masa, ya ce jaki dai. Na kaɗa masa layina a tsanake, na kashe komai tsaf ina jiran yabo, sai ya yamutsa fuska ya ce yaro kiɗan naka ba shi da gishiri, ina abin da ka yin ƙara? Wai su a kan sandar garaya har ɗan faifan ƙarfe mai zobba suke maƙalawa don ya riƙa cas cas yana bin kowane bugu, in babu shi kiɗan tsirara yake.

Na yi dariya amma maganar ta zauna min. Wata guda ina yaƙi da ƙara, ga wanda ke ganin ƙarar ita ce ado. Ina jin shi ya sa ma tun farko kunnena bai kama ƙazantar ba, mun tashi da kiɗan da ƙara ke cikinsa. Bambancin dai da na gani, tasu ƙarar su sunka sa ta da hannunsu kuma tana tsayawa in sun tsaya, tawa kuwa ita ke yin gaban kanta.

Bai kai ƙarata ba. Da zai tafi ma cewa ya yi in riƙa ajewa in an kira salla, na ce ai dama.

Asabar, 14 ga Disamba

Hunturu ya shigo da ƙarfinsa, ƙura ko'ina, kuma ya zo min da sabbin baƙi har biyu.

Na farko ƙiii ɗin da ke fita in hannun hagu ya ja daga wani firet zuwa wani. Tsirkiyoyina irin masu gurji-gurjin nan ne, an naɗe su da siririyar waya zagaye, to busasshen yatsa mai kanta in ya bi ta kansu kamar ana jan akaifa a bakin mataji. A nan na tafka wauta, na ce tunda bushewa ce bari in shafa man kaɗanya a yatsu. Ranar farko lafiya lau har ina yaba wa kaina basira. Kwana uku man ya shige tsakanin naɗin wayar, ƙurar hunturu ta bi shi ta manne, tsirkiyoyin sunka yi baƙi sautin ya dushe kamar an rufe amf da bargo. Oga da ya gani bai ce komai ba sai da ya gama dariya, ya sa na goge su da tsumma da sifirit, ya ce maganin ƙiii ba a kanti yake ba, ka sassauta dannawa kafin ka matsa, yatsa ya bi saman tsirkiyar da ƙyar yana taɓa ta, ka isa sannan ka danna. Ni da ina jan yatsan ne da nauyinsa duka. Ya ce kuma in rage ton, wato kaifin sauti, kaɗan, kuma in daina tsammanin za ta ɓace gaba ɗaya, ko a faifan manya in ka kasa kunne za ka ji ta jefi-jefi.

Baƙo na biyu wani zzz ne a firet na 1 zuwa na 4, musamman kan A da D. Wannan na rantse ba laifina ba ne don na bi duk ƙa'ida, ina dannawa dab da bayan ƙarfen firet ba tsakiyar gida ba, ina taɓawa a hankali, amma yana nan. Ga kuma bakin ƙarafunan sun fara tsini a gefen wuya suna kartar hannu. Oga ya ce in kawo ta bayan Kirsimeti, yanzu ba shi da lokacin kansa.

Asabar, 28 ga Disamba

Karo na farko da na yi gaskiya! Laifin jitar ne. Ya danna E a firet na farko da hannu ɗaya, ya danna na ƙarshe da gwiwar hannu, ya ce duba tsakiya wajen firet na 7 da 8, ya kamata a ga 'yar tazara tsakanin tsirkiya da ƙarfe kamar kaurin katin gayyatar biki. Babu komai, a kwance take. Katako ne, iska ta bushe ya motsa, tsinin gefen ma katakon ne ya tsuke ƙarfe kuwa bai tsuke ba. Ya ɗauko alanki ya sassauta sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, rubu'in juyi kawai, ya sake saiti munka zauna shan shayi, da munka dawo zzz ya tafi. Ya gargaɗe ni kada in kuskura in riƙa murɗa wurin nan da ƙarfi ni kaɗai, in ta yi tauri a tsaya, kuma wataƙila in damina ta sauka sai an sake taɓawa.

Tunda na zo na kawo ƙarar huuum ɗin da amf ke yi ko ban taɓa komai ba. Wannan kuma ta wuta ce, wutarmu sau 50 take juyawa a daƙiƙa kuma fikof siriri irin nawa yana kwasar ta kamar eriya. Dabarar irin wannan jita, ka buɗe bolum ɗin fikof biyun duka daidai da juna sai su kashe wa juna ƙarar, ni kuwa wata biyu na baya a rufe yake don ban san amfaninsa ba. Ya ce kuma in cire waya daga aljihun gaba in ina kaɗawa, in nisanci caja. Na gwada a gida, ta ragu sosai, sai dai in an tada janaretan maƙwabta nan kam sai haƙuri.

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Hannun hagu. Yatsan nuni ya kamata ya ɗan kwanta, cikinsa na shafar siraran tsirkiyoyin da ke ƙasa, ba ya tsaya a kan tsini kamar na masu jita ƙarama ba. In kuma sauti ya ƙare ba ɗage yatsa ake ba, sassautawa ake a bar shi a kan tsirkiyar, don in ka ɗage da sauri ita ma ɗagewar bugu ce, sai ka ji buɗaɗɗiyar tsirkiya ta yi ɗan tum a bayanka.

Sai wani abin da ya kusa haukata ni. Ina kashe tsirkiya da yatsa ɗaya sai in ji wani siririn tiiin kamar ƙararrawa, wani wurin ya yi wani wurin bai yi ba. Na zauna na bi firet ɗaya bayan ɗaya, sai na gano a saitin na 5 da na 7 da na 12 ne ya fi fitowa. Ashe a wuraren nan tsirkiya na rabuwa gida huɗu, gida uku, gida biyu daidai, in ka taɓa ta da yatsa ɗaya a nan ba ta mutuwa sai dai ta canza murya. Magani a taɓa ta wuri biyu, yatsu biyu ko uku a kwance. Wannan ni na gano da kaina kafin a gaya min, kuma na yi kwana biyu ina jin daɗi.

Na ga wasu a YouTube suna ɗaura wani abu kamar ribom a wuyan jita can sama, na saci na ƙanwata na gwada, gaskiya yana rage amshin. Oga ya cire ya miƙo min ya ce mayar mata, masu sa wannan sun riga sun iya ne suna ƙarawa, kai kuwa ɓoye ciwo za ka yi. Na ce masa to ai James Jamerson, shahararren makaɗin bes na kamfanin waƙoƙin Motown, shi ma da soso a ƙarƙashin murfin jakin jitarsa, kuma tsirkiyoyinsa masu santsi ne da ba sa ƙiii, kuma da yatsa ɗaya tak ya yi yawancin kiɗansa. Ya ce ranar da ka yi abin da ya yi da yatsa ɗaya ka zo in saya maka katifa guda ka cusa. Ni dai har yanzu ina ganin tsirkiya mai santsin nan za ta dace da ni, kuɗinta ne ya fi ƙarfina.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Kwana goma sha biyu ban taɓa ta ba, aiki ya yi yawa ga zazzaɓi. Kantar yatsuna ta fara laushi. Na ɗauka yau babban yatsa ya koma halinsa na da, ya kafe a fikof. Mun koma 60.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Oga ya kira ni gwajin da suke yi na wani biki, ya ce in zo in riƙe bes a waƙa ɗaya mai sauƙi, sauti huɗu ne ke zagayawa. Amf ɗinsu ya kai ƙuguna tsawo, kuma nan na gane ɗan amf ɗina rufa min asiri yake, don a wannan ko numfashi tsirkiya ta yi sai kowa ya ji. Zagaye na farko tsoro ya sa na koma fizga, kas kas ya dawo, mai ganga ya waigo ya kalle ni. Oga ya yi min alama da hannu in sassauta. Na sassauta, na bi ƙafar mai ganga, wajen zagaye na huɗu na ma manta da babban yatsa, da na duba sai na gan shi yana sauka yana hawa shi kaɗai.

Akwai inda kowa ke tsayawa cak na bugu biyu kafin a dawo. Karo biyu na farko ana tsayawa sai guuu ɗina ya rage a fili shi kaɗai, E ce, mai kibod har ya ce wa ya bar janareta a kunne. Karo na uku na kwantar da yatsu huɗu na hagu, gefen babban yatsa na kan E, aka tsaya, sai ƙarar fanka kawai.

Na naɗa a waya, na saurara a hanya. Tsallake daga G zuwa E har yanzu da datti, A na ɗan amsawa duk lokacin da na sauko da sauri, kuma yatsan nuni na yin bugu biyu a jere in na rikice maimakon su karɓa-karɓa. Azumi saura kamar sati guda, ban sa ran taɓa ta sosai ba sai bayan salla, amma Oga ya ce ko ba amf in riƙa yin tsallaken nan minti biyar kafin in kwanta don kada kanta ta gudu. Ribom ɗin kuma na mayar wa ƙanwata, ta ce na buɗa shi sai na sayo sabo.